Daga kilomita 14 zuwa 7: tsofaffin hotunan Spa da gardamar da suke tayarwa

Akwai wani hoto da masu sha'awar tseren motoci ba sa gajiya da yaɗawa. An ɗauke shi a watan Yunin 1966 a Burnenville, wani ƙauye da ke gabashin Beljiyam, a kan tsohuwar hanyar tseren motoci ta Spa-Francorchamps. Motar Jo Bonnier ce, ɗan ƙasar Suwidin, ƙirar Cooper, ta ƙwace daga kan kwalta ta je ta maƙale a bakin wata katanga, rabinta a kan gini, rabi yana reto a iska. Babu shingen ƙarfe, babu tulin tayoyi, babu filin da mota za ta zame ta tsaya. Daga kwalta sai ciyawa, daga ciyawa sai gidajen mutane. Bonnier ya fito da ƙafafunsa. A wannan zagaye na farko kaɗai, kusan rabin motocin da suka tashi sun fita daga tseren.

Duk sanda irin wannan hoto ya fito, sai mutane su rabu biyu. Wasu su ce ga lokacin da maza suke maza, yanzu kuwa an mayar da Spa-Francorchamps filin ajiye motoci, ko'ina kwalta da fenti. Wasu su ce wannan ai ba wasa ba ne, ganganci ne da rayukan 'ya'yan mutane. Ni ina ganin masu kewar da ba ƙarya suke yi ba, lallai an yi asarar wani abu. Amma sun kama wanda ba shi ne ɓarawon ba. Shingen ƙarfe da direbobin da suka nemi a kafa shi su ake zagi, alhali tarihin wurin yana nuna cewa abin da ya kashe tsohuwar hanyar daban ne, kuma abin da ke barazana ga sabuwar ma daban ne.

Da farko dai, Spa ba gina ta aka yi don tsere ba. A 1920 Jules de Thier, mai jaridar La Meuse ta birnin Liège, da Henri Langlois van Ophem na ƙungiyar masu motoci ta Beljiyam, suka duba hanyoyin da suka haɗa garuruwa uku a tsaunukan Ardennes, wato Francorchamps da Malmedy da Stavelot, suka ga sun yi siffar kusurwa uku mai tsawon wajen kilomita 15. Shi ke nan filin tsere ya samu. Ka ƙaddara an zo an tare hanyar da ta haɗa ƙauyenku da maƙwabta biyu, an ce yau ba mai fita kasuwa, a ɗaure awaki, motoci za su yi gudu, gobe kowa ya ci gaba da harkarsa. To haka abin yake. Tseren motoci na farko da aka shirya a 1921 bai ma yiwu ba, don mota ɗaya ce tak aka yi wa rajista, sai masu babura suka maye gurbi. Motoci sun fara a 1922, tseren awa 24 ya biyo a 1924, sannan a 1925 Antonio Ascari ya ci babbar gasa ta farko da Alfa Romeo.

Ga abin da masu cewa a bar wuri yadda aka gada suke mantawa. Sauye-sauyen farko da aka yi wa hanyar, duk na ƙara mata gudu ne, kuma da gangan aka yi su. A ƙasan gangaren da ke bayan ƙauyen Francorchamps akwai wani ɗan rafi, Eau Rouge, mai jajayen duwatsu saboda sinadarin ƙarfen da ke cikin ruwansa. Har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya rafin nan shi ne iyakar Beljiyam da Jamus, kuma hanyar asali takan karkata hagu ta bi ta wajen tsohon ofishin kwastan, ta yi kwana mai tsauri, kana ta hau tudu a hankali. A 1939 aka yanke wannan zagaye, aka fasa hanya kai tsaye ta haye tudun. Wannan hawa shi ne Raidillon, wanda yau duniya take haɗa shi da rafin ta kira su duka Eau Rouge. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, aka kauce wa shiga garin Stavelot, aka gina wata doguwar kwana mai jingine wadda ba ta buƙatar birki sosai. Tsawon ya koma kilomita 14.1. Masu wurin suna so a ce tasu ce hanya mafi gudu a Turai, kuma sun kusa samun abin da suke so. Saboda haka wanda ya riƙe hoton 1960 yana cewa ga Spa ta asali, wani dattijo mai hoton 1930 zai iya ce masa wannan ma gyararriya ce.

Sai mutum ya bi zagayen a ransa kafin ya gane abin da ake magana a kai. Ana tashi ne a kan gangare, a gangara rafi, a haye Raidillon, a miƙe cikin dajin itatuwa har saman tudu a Les Combes. A nan tsohuwar hanya take karkata hagu ta fara gangara. Burnenville doguwar kwana ce ta dama wadda kamar ba za ta ƙare ba, gidaje da turakun waya a gefenta, ana shanta da gudun da ya haura kilomita 200 a awa. A wuce Malmedy, sai miƙaƙƙiyar hanyar Masta. A tsakiyarta, inda mota ta kai ƙarshen gudunta, hanyar sai ta yi ɗan lanƙwasa hagu da dama a tsakanin gidajen gona. Direban da ya ɗaga ƙafa daga totur a nan zai yi asarar gudu har Stavelot, wanda bai ɗaga ba kuwa, in ya kuskure da taku ɗaya, bango ne ke jiransa. Daga Stavelot a sake hawa ta Blanchimont, a zo La Source, kwana ɗaya tilo da ake taka birki sosai a koma giyar ƙasa. Kusan duk sauran zagayen ƙafa tana kan totur.

Me ya sa hotunan wancan zamani suke da kyau haka? Ba sirri ba ne. Mai hoton yana tsaye ne a bakin kwalta, wani lokaci a cikin kwanar ma, taku kaɗan daga tayar mota. Direba yana zaune a buɗe, ana ganin kafaɗunsa da hannayensa a kan sitiyari, wani sa'in har yamutsewar fuskarsa. A bayansa ga 'yan kallo a kan tudun ciyawa, ga ɗan sanda a tsaye, ga tallan mai a jikin bangon wani gida, ga damin ciyawa da aka jingina wa falwaya wai don kariya. Komai yana cikin hoto ɗaya: mota, mutum, gari. Mai hoton yau yana bayan ragar waya, yana leƙe ta wata 'yar taga da aka yanka masa, da dogon gilashin kyamara mai janyo nesa kusa, wanda ke narkar da duk abin da ke bayan motar. Direban kuma ba a ganin komai nasa sai saman hular kwano. Kusancin nan da ya sa tsohon hoto yake da rai, shi ne dai haɗarin. Ba yadda za a yi a raba su. Kuma hoto ba ya nuna gudu. Motar da ke tsaye cak a takarda kusa da ƙofar gidan wani manomi, a zahiri tana cin fiye da mita 70 a daƙiƙa ɗaya.

Sannan hotunan da ake yaɗawa zaɓaɓɓu ne. Na ƙarshen makon Yunin 1960 ba su cika yawo ba. A wajen gwaji, tayar motar Stirling Moss ta fita a Burnenville, ya karye ƙafafu biyu da baya. A ranar dai, sitiyarin motar Mike Taylor ya karye, ya faɗa daji, tserensa ya ƙare ke nan har abada. Ranar gasa, Chris Bristow, mai shekara 22, ya ƙwace a Burnenville yana fafatawa da Willy Mairesse, ya mutu nan take. Bayan 'yan mintuna Alan Stacey, mai shekara 26, ya bi shi, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne tsuntsu ne ya buge shi a fuska. Ba a tsayar da tseren ba. Jack Brabham ya ci.

Cikin waɗanda suka gama tseren ranar akwai wani saurayi manomi daga Sikotilan, Jim Clark, abokin aikin Stacey a kamfanin motocin tsere na Lotus. Shi Clark dama zuwansa na farko Spa a 1958 ya ga yadda Archie Scott Brown ya ƙone a kwanar da Richard Seaman ya ƙone a 1939. Clark ya ci gasar Beljiyam sau huɗu a jere, daga 1962 zuwa 1965, kuma bai taɓa ɓoye cewa ya tsani wurin ba. Wannan yana ba ni mamaki duk lokacin da na ga an saka hotonsa a Spa a matsayin hujjar cewa direbobin da ba sa tsoro. Mutumin da ya fi kowa iya hanyar shi ne ba ya son ta.

Mu koma 1966, ranar hoton Bonnier. An tashi a busasshiyar kwalta. Motoci suna gangarowa ta wajen Burnenville suka yi karo da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ba wanda ya gargaɗe su, don a wurin tashi ko ɗigo babu. Jackie Stewart ya kai Masta, motarsa ƙirar BRM ta hau kan ruwa ta daina jin sitiyari, ta bugi turken waya da wata rumfa, ta faɗa wani kwari a gefen gidan gona. Jikin motar ya lanƙwashe ya danne shi, tankin mai ya fashe, fetur ya cika inda yake zaune. Ya yi wajen minti 25 a haka. Ba ma'aikacin ceto ko ɗaya. Waɗanda suka ciro shi direbobi ne 'yan'uwansa, Graham Hill da Bob Bondurant, su ma sun zame a wurin, kuma sai da suka ari sifana a wajen wani ɗan kallo kafin suka kwance sitiyarin. Kamar yadda Stewart ya sha ba da labari, an kwantar da shi a ƙasa a ɗakin jinya cikin guntayen sigari, sannan motar asibitin da ta ɗauke shi ta ɓata hanyar Liège. Daga ranar ya riƙa manna sifana a cikin motarsa, kuma ya zama ƙashin wuya ga masu filayen tsere a Turai baki ɗaya.

Labarin nan ya tona asalin matsalar, wato tsawo. Kilomita 14 a cikin tsaunuka yana nufin rana a wannan gefe, ruwa a wancan. Yana nufin shinge na kilomita 28, don hanya gefe biyu gare ta. Yana nufin ɗaruruwan masu tuta da masu kashe gobara, da motocin asibiti a wurare da dama, da hanyar sadarwa a zamanin da babu rediyo tsakanin direba da mutanensa. Ga gidajen mutane da gonakinsu, waɗanda ba za a rushe su don wasan kwana uku a shekara ba. Ta fuskar kasuwa ma abin bai biya ba: zagaye 28 kawai ake yi a ƙarshen shekarun 1960, ɗan kallo ya ga motoci sun wuce fuu, sai ya jira minti uku da rabi. Yawancin masu kallon ma suna gonaki da dazuzzuka inda karɓar kuɗin tikiti ke da wuya. Da talabijin ya zama uban gidan wasan, sai aka ga yawan kyamarori da wayoyin da za a ja a kilomita 14 ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Hanya tana nan yadda take, motoci kuwa ba su tsaya ba. A 1966 aka ninka girman injin motocin Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, daga lita ɗaya da rabi zuwa lita uku. Tayoyi suka yi faɗi. A 1968, a nan Spa ɗin, kamfanonin Ferrari da Brabham suka fito da fukafukai a bayan mota, waɗanda ke sa iska ta danna motar ƙasa ta riƙe kwalta a kwana. Lissafin kuwa ba ya tausayi: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo sau huɗu yake ninkawa. Damin ciyawar da ya ɗan yi amfani a 1930 ya zama abin dariya, ga shi kuma yana kama wuta. Wannan shi ne ainihin abin da ya kashe tsohuwar Spa. Injiniyoyi ne suka fi ƙarfin hanyar, kuma su ne waɗanda masu kewar da suke yi wa tafi.

A 1969 ƙungiyar direbobi ta nemi a kafa shingaye a yi wasu gyare-gyare. Masu wurin suka yi jan ƙafa, direbobi da kamfanoni suka janye, aka soke gasar shekarar. Stewart ya sha suka, musamman daga Denis Jenkinson na mujallar Motor Sport. Bai kamata a yi watsi da Jenkinson a matsayin mai taurin kai kawai ba, don shi ma ya sa ransa a wasan: shi ne ya zauna kusa da Moss a tseren Mille Miglia na Italiya a 1955. Hujjarsa ita ce ba a tilasta wa kowa ba, totur yana ƙarƙashin ƙafar direba, wanda ya ji tsoro ya rage gudu, kuma gwanintar ai ita ce sanin inda iyaka take alhali kuskure yana da tsada. Akwai gaskiya a ciki. Inda ta gaza shi ne, tayar Moss da sitiyarin Taylor ba su nemi shawarar direba ba kafin su karye, tsuntsun Stacey ma haka. Wanda ya zauna cikin fetur yana jiran sifanar aro ba jarumtarsa ake gwadawa ba, sakacin masu shirya gasa yake biya.

An dawo a 1970 bayan an kafa shingen ƙarfe an kuma saka 'yar kwanar rage gudu a Malmedy. Duk da haka Pedro Rodríguez na Meziko ya ci da matsakaicin gudun kilomita 241 a awa. Formula 1 ba ta sake taka tsohuwar hanyar ba. Sauran gasanni suka ci gaba har 1978. A 1973 Henri Pescarolo ya zagaya da motar Matra cikin minti 3 da daƙiƙa 13.4, matsakaicin gudu kilomita 262 a awa. Motocin Formula 1 na yau, da duk fasaharsu, a zagayensu mafi sauri a sabuwar Spa wajen kilomita 250 suke yi. A wannan shekara ta 1973, direbobi uku suka mutu a tseren awa 24.

Gasar Beljiyam ta koma wasu filayen tsere biyu na ƙasar, Nivelles da Zolder. Nivelles shimfiɗaɗɗen fili ne mai faɗin gefe, lafiya lau ta fuskar tsaro, amma ba direba ba ɗan kallo, ba wanda ya so shi. Sau biyu aka yi, 1972 da 1974, yau unguwar masana'antu ce. Zolder kuma, wadda aka gudu gare ta don neman tsira, a can Gilles Villeneuve ya mutu a watan Mayun 1982.

Abin da aka yi a Spa a 1979, a ganina, yana cikin gyare-gyare mafi hankali da aka taɓa yi wa wata hanyar tsere. Maimakon karkata hagu a Les Combes, sai aka fasa sabuwar hanya ta dama, ta gangara kwari ta Pouhon, ta je ta haɗe da tsohuwar kafin Blanchimont. Tsawo ya dawo ƙasa kaɗan da kilomita 7, yau 7.004. An yar da Burnenville da Masta, an riƙe rafi da hawan tudu da daji, kuma sabon ɓangaren bai zama na jeka-na-yi-ka ba, don Pouhon kanta kwana ce da direbobi ke ji da ita. A kwatanta da Hockenheim ta Jamus, inda a 2002 aka farfashe dogayen hanyoyin cikin dajin da Clark ya mutu a 1968, aka dasa itatuwa a kai. Can mai tsohon hoto ba zai ma sami kwaltar da zai tsaya ba. Formula 1 ta dawo Spa a 1983, Alain Prost ya ci, kuma daga 1985 ta zauna.

Wani abin da ke rikita masu tsofaffin hotuna shi ne sunaye sun yi ƙaura. An ɗauki sunan Malmedy da na Stavelot an laƙaba wa sabbin kwanoni da ke nesa da na asali, daga baya ma aka sake wa wasunsu suna. Sai ka ga an jera hoton 1965 da na 2015 an ce dubi yadda kwanar Stavelot ta canja, alhali wurare biyu ne daban. Kuma har shekarar 2000, ɓangaren Blanchimont da La Source da Eau Rouge hanyar kowa da kowa ce in ba ranar tsere ba. Hotunan shekarun 1980 da 1990 suna nuna farin layin tsakiyar titi a kan Raidillon, da motocin gida suna hawa. Sai da aka yi wa jama'a hanyar kewaye kafin aka rufe wurin. Tsohon ɓangaren kuwa yana nan, titin gwamnati ne, manyan motoci da taraktoci suna bi. Mutum zai iya tuƙa motar haya ya ratsa Burnenville da Masta a bisa dokar gudu, ya ga gidajen da ke cikin hotunan, wasunsu ba abin da ya canja sai fenti.

Yanzu gardamar ta tattara a Eau Rouge. Hawa ne na wajen mita 40, hagu, dama, hagu, kuma daga ƙasa direba ba ya ganin abin da ke bayan tudun. A da ana auna direba da ko zai iya shanye ta bai ɗaga ƙafa ba. Stefan Bellof ya mutu a nan a 1985 cikin motar Porsche. A 1994, bayan mutuwar Ayrton Senna da Roland Ratzenberger a filin Imola na Italiya, aka dasa kwanar rage gudu a gindin tudun, kowa ya yi tir, shekara ɗaya aka cire. Yau a busasshiyar kwalta duk direban Formula 1 yana wuce ta a taka, da gudun wajen kilomita 300. Masu kewa suna cewa faɗaɗa gefen hanya ne ya kashe kwanar. Wani ɓangare ne kawai na gaskiya. Babban dalili shi ne iskar da ke danna motar zamani ƙasa ta yi yawan da kwanar ta zama kamar miƙaƙƙiya. A saka direban nan a ƙaramar mota, ko a saukar masa da ruwa, tsohuwar Eau Rouge za ta dawo nan take.

Amma akwai inda masu sukar gyaran zamani suke da hujja mai ƙarfi, kuma ba ta kewa ba ce. Da aka cire tsakuwa daga gefen kwanoni aka malala kwalta, dalilin shi ne motar da ta juya tana iya taka birki a kan kwalta, a tsakuwa kuwa takan yi tsalle ko ta kife. Sai dai hakan ya cire hukuncin kuskure. Direba ya san in ya fita zai dawo, don haka ba ya ɗaga ƙafa. A saman Raidillon kuma fili ya yi kaɗan saboda yanayin tudun, shinge yana kusa, motar da ta buge shi takan dawo tsakiyar hanya, daidai inda masu tahowa ba sa gani. Haka ta faru ranar 31 ga Agustan 2019 a gasar Formula 2, matakin da ke ƙasa da Formula 1. Anthoine Hubert, Bafaranshe mai shekara 22, yana ƙoƙarin kauce wa hatsarin da ya faru a gabansa ya bugi shinge, motarsa ta dawo, Juan Manuel Correa ya same shi a gefe da gudun da ya haura kilomita 200. Hubert ya mutu, Correa ya yi fama da tiyata a ƙafafu. Washegari abokin Hubert na yarinta, Charles Leclerc, ya ci gasarsa ta farko a Formula 1. Pierre Gasly, direban Formula 1, shi ma abokin Hubert, har yanzu yana kai furanni wurin duk shekara.

A 2021 aka sake jerin munanan hatsarori a wannan tudu, na Jack Aitken a tseren awa 24, na motoci shida a gasar mata ta W Series, da na Lando Norris. Kafin kakar 2022 aka shiga aikin da aka ƙiyasta a kan Yuro miliyan 80: aka ture shingen Raidillon baya, aka rushe tsohon gidan katakon da ke saman tudun wanda ke cikin dubban hotuna, aka gina rumfar 'yan kallo a wurinsa. Aka kuma dawo da tsakuwa a kwanoni da dama. Abin dariyar shi ne ba don faranta wa masu kewa aka dawo da ita ba, don a sami lasisin tseren babura ne, saboda mai babur in ya faɗi tsakuwa ce ke tsayar da shi. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 1 ga Yulin 2023, Dilano van 't Hoff, ɗan Holan mai shekara 18, ya mutu gaba kaɗan da wurin, a farkon miƙaƙƙiyar hanyar Kemmel, cikin ruwan sama. Shi ma daga baya aka zo aka same shi, cikin feshin ruwan da ba a ganin komai.

Wato matsalar 1966 ce ta dawo da wata fuska: direba yana shiga abin da ba ya gani. Faffaɗan tayoyi da ƙasan motar zamani suna tsotso ruwa su watsa shi sama kamar hazo, itatuwan gefen hanya kuma suna riƙe shi. Wannan ba shinge ne zai magance shi ba. Shi ya sa a gasar Formula 1 ta 2021 aka yi 'yan zagaye a bayan motar kariya aka ce an gama, aka raba rabin maki, 'yan kallo suka koma gida a jiƙe ba su ga tsere ba, abin kunyar da har yau ba a manta ba. A 2025 ma sai da aka jinkirta tashi fiye da awa ɗaya, wasu direbobi suka ce tsoron ya yi yawa. Ni ban ga laifin mai riƙe da tuta ba. Wanda ya san abin da ya faru a wannan tudu a 2019 da 2023 ba zai yi saurin sakin motoci ashirin cikin hazo ba. Laifin yana wajen masu tsara dokokin ƙirar mota, da suka bari aka kai inda tayar ruwa take da riƙo amma ba a iya amfani da ita don ba a gani. Inda aka ci nasara sosai shi ne a jikin motar kanta. A 2018, shekarar da aka tilasta saka ƙarfen nan mai kewaye kan direba da ake kira halo, wanda aka yi ta zagi wai ya ɓata kyan mota, motar Fernando Alonso ta tashi sama a La Source ta bi ta kan ta Leclerc, tayarta ta bar baƙin tabo a jikin ƙarfen.

Duk wannan gardama ta shinge da tsakuwa, ba ita ce za ta yanke makomar wurin ba. Sau biyu Formula 1 ta tsallake Spa a wannan ƙarni, kuma ba don haɗari ba: a 2003 saboda dokar Beljiyam ta hana tallan taba, a 2006 saboda mai shirya gasar ya karye kuma gine-ginen sun tsufa. Gwamnatin yankin Waloniya, inda Spa take, ita ce ke cike giɓin kuɗi, don otal-otal da gidajen abincin yankin da wannan mako suke rayuwa. Tun da kamfanin Liberty Media na Amurka ya sayi Formula 1 a 2017, an ƙara Jidda da Katar da Miami da Las Vegas, gasanni sun kai 24 a shekara, kuma sababbin suna biyan abin da ƙauye a cikin dajin Ardennes ba zai iya ba. Jamus da Faransa, masu tsohon tarihi a wasan, sun riga sun fita daga jadawali. Spa tana cika maƙil, musamman da 'yan Holan masu bin Max Verstappen, wanda a Beljiyam aka haife shi, amma cikar ba ta hana a Janairun 2025 aka sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ta 2026 da 2027 da 2029 da 2031 kawai ba. A 2028 da 2030 sai ta ba wani wuri.

A nan ne mu 'yan Afirka ya kamata mu yi hattara wajen taya Turawa kuka. Rabon nahiyar nan da gasar Formula 1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Ruwanda ta bayyana neman gasa a Disambar 2024, Afirka ta Kudu ma tana nema. Jadawali ya cika, ba inda za a saka sabuwa sai an ɗaga tsohuwa, kuma irin gurbin da aka karɓe wa Spa shi ne ƙofar da wata ƙasar Afirka za ta iya shiga ta ciki in ta kawo kuɗin. Ina son a ga tsere a Afirka. Amma in za a tambaye ni wadda za a ɗaga, zan fara nuna wasu daga cikin sababbin hanyoyin da aka zagaye da katangar siminti a tsakiyar birane kafin in nuna Spa.